Kwalayen da Na Tura Tasha Ba Alama

Bari in fara da wautata tun kafin wani da ya san ni ya riga ni faɗa. Na taɓa shirya wa mutum guda kunya, na zauna na tsara ta da kyau, sai ta tsallake shi ta faɗa kan wani daban, wanda duk Tawa babu wanda ya kai shi kusa da ni. Kuma lokacin ba yaro nake ba, gemuna ya riga ya yi fari. To, na faɗa. Amma kada ku yi saurin murna, don a sauran labarin ban janye ko kalma guda ba.

Shekarun baya ina aiki wurin wani abokina kafinta, can bayan kasuwa. Mutumin Maraɗi ne, ya zo Tawa yana yin ƙofofi da bencina, daga baya Allah ya buɗa masa ta inda ba wanda ya zata, wato allunan wasa. Ya fara da allon dara na katako mai gurbi talatin, da ƴaƴansa ja da baƙi cikin ƴar jaka. Sai ya ƙara da lido, sai dam, wato draf. Da farko dariya anka yi ta yi masa, wai wa zai sayi dara alhali ga ƙasa kowa ya haƙa abinsa. Sun manta wuraren zaman samari duk an shafe su da siminti, shi kuwa siminti ba ya haƙuwa da yatsa. Nan da nan ƴan kasuwar ƙauyuka sunka fara aiko da kumandi, wato odar kaya, daga Kalfu, daga Takanamat, har Abalak.

Ni ba kafinta ba ne. Sau ɗaya anka ba ni zarto, saura kaɗan in haɗa da babban yatsana, daga ranar ba a sake ba. Aikina shi ne na ƙarshe: in jera alluna cikin kwali, in liƙe bakinsa da sikoc, in sa masa alamar inda za shi da abin da ke ciki. Lakwal, wato makarantar boko, shekara biyu na yi, a ta uku malam ya neme ni ya rasa, ina daji bayan awakin mahaifina. Wannan rubutun da kuke karantawa ma da girma na koye shi, in kun ga ya karkace ku yi haƙuri da shi.

Amma mahaifina ya koya mini wani karatun. Tun daga nesa yake sanin dabbar kowane gida ta shaidar da ke cinyarta ko wuyanta. Shi na ɗauko na kawo wa kwali. Kowane gari na ba shi tasa shaida: Takanamat ƙaho biyu, Kalfu zangarniyar gero, Abalak sawun raƙumi. A ƙarƙashi in sa abin da ke ciki: ɗigo uku a jere dara ke nan, ɗan akwati da ɗigo a tsakiya lido, layuka a gicciye dam. Da shuɗin fenti nake yi, manya-manya kamar tafin hannu, kuma a dukkan gefe huɗu, don kwalin da anka ɗaure bisa mota ba shi ke zaɓen gefen da zai kalli waje ba.

Wanda ya fi kowa iya karanta wannan rubutu nawa shi ne taubashina, ɗan kawuna. Shi ke kula da lodin kaya a layin arewa na tasha, ya fi shekara ashirin yana yi. Shi ko da kuskure bai taɓa shiga lakwal ba. Amma yana da tabarau, yana da biro a aljihun gaba, in an miƙo masa takarda sai ya dube ta da kyau, ya gyaɗa kai, ya ce wa mai ita, "To, kai mi ka gani ciki?" Duk tasha Malam ake ce masa. Ba wanda ya san sirrinsa sai ni, don tare munka yi kiwo.

Kullum in na biyo amalanken jaki da kwalaye, tun daga bakin tasha yake ɗaga murya.

"Ga bawana nan ya kawo zanen kaji!"

Ni kuma in ce, "Zanen kajin ne ke ci da kai, tsohon banza. Cire tabaran nan kada ka faɗa rami."

Kafin jakin ya gama tsayawa ya raba kaya da baki: wannan bisa motar Kalfu, wancan ƙarƙashin tamfol na Takanamat. Shekara da shekaru ko kwali guda bai taɓa ɓata ba.

Ana nan sai babban ɗan abokina ya dawo daga Yamai da difloma ta kasuwanci. Magidanci ne, da matarsa da ɗiyansa, ba wai yaro ba, amma ni a gabana anka yanka ragon sunansa. Uban ya gaji, idonsa ya fara rauni, sai ya sakar masa wurin. Ni na laƙaba masa Mushe, yadda masu Faransanci ke kiran maigida, sunan kuwa ya bi shi. Ya gyara abubuwa da dama, ba zan ci amanarsa ba. Ya sa an daina barin katako cikin ruwa, ya sa ma'aikata sun samu takalman aiki. Sai ya kawo odinata, wato kwamfuta, da injin buga takarda, ya shiga fitar da wasu ƴan fararen takardu masu liƙewa, wai etiketi. Rubutun Faransanci ne ƙanana kamar tururuwa sun yi layi.

Wata safiya na gama zana ƙaho biyu a kwali, fentin bai ko bushe ba, sai ga shi da jiƙaƙƙen tsumma. A gaban kafintoci duka ya duƙa ya goge.

Ya ce, "Baba, wanga aikin ƙauye ya ƙare. Kwalinmu zai shiga hannun manyan mutane yanzu. Ga etiketi, ka liƙa guda bisa kowane murfi, shi ke nan. Ko ɗigo kada in sake gani."

Wani daga cikin kafintocin ya yi ƴar dariya. Ita ce ta ƙone ni, ba tsumman ba.

A nan ne ya kamata in buɗe baki in ce, Mushe, mutanen da ke ɗaukar kayan nan a tasha ba su karanta Faransanci, kuma murfi shi ake ɗora wani kwali a kai. Magana ce ta numfashi guda. Mai yiwuwa ya ji, mai yiwuwa ya ƙi. Ban ba shi damar ko ɗaya ba. Na ce, "To, Mushe. Yadda ka ce." Har da ɗan rusunawa. A raina kuwa na ce, bari kayanka su zaga ƙasarmu ta Adar su dawo, sannan ka zo ka tambaye ni inda na ajiye gwangwanin fenti.

Kumandin makon kuwa ba ƙarami ba ne. Wani attajiri ɗan Takanamat ya shirya gasar dara ta dattawa bayan kaka, yana son alluna masu kyau da za a ba waɗanda sunka ci kyauta. Samarin Kalfu kuma sun aiko a kai musu lido. Kwalayen duk girmansu ɗaya, nauyinsu kusan ɗaya. Na zauna na liƙa etiketi ɗaya bayan ɗaya, a miƙe, tsaf, ban taɓa yin aiki mai tsabta irin na ranar ba. Da mai amalanke ya zo, na dafa ƙugu na ce bayana ke ciwo, yau ba ni zuwa tasha. Bayana lafiya lau yake.

Wallahi, a duk wannan lissafi nawa fuskar Mushe kaɗai nake gani. Ban tsaya na tambayi kaina hannun wa kwalayen za su fara faɗawa ba.

Mai amalanken ne ya ba ni labarin abin da ya faru. Ya ce taubashina ya zagaya kayan sau biyu yana neman shuɗi, bai gani ba. Ya tambaya, "Ina bawan nawa?" Anka ce ba shi da lafiya. Ya ce, "To wanne ne na ina?" Mai amalanke ya ce, "Malam, ai an rubuta a jiki." Ga ƴan dako tsaye suna jiran umarni, ga direbobi na ta danna oda. Mutumin da anka shekara ashirin ana ce wa Malam, a ce yau ya juya ya nemi wanda zai karanta masa? Sai ya gyara tabarau, ya duƙa kan murfi, ya daɗe yana kallo, ya miƙe ya raba kaya da ƙarfin hali. Na gaba ya ba Takanamat, na baya ya ba Kalfu. Akasin haka ne.

Ba wanda ya buɗe kwali a Takanamat sai ranar gasa, don attajirin yana son a yanke sikoc a gaban jama'a. An taru, an yi wasa tun hantsi, wani tsoho ya cinye kowa. Anka kira liman ya miƙa kyauta da hannunsa don albarka. Liman ya sa hannu ya zaro allo mai ja da kore da rawaya, ƴar ƙwayar nan mai ɗigo-ɗigo da ake jefawa ta faɗo ta gangara har gaban mai gari. Sai tsohon da ya ci gasar ya ce, "Ni da jikokina goma sha, caca za a ba ni?" Liman ya ajiye allon ya kakkaɓe hannu ya tahi gida. A Kalfu kuma samari sunka buɗe sunka ga dara, sunka bugo waya suna tambaya ko an ɗauke su kakannin wani ne.

Da labarin ya iso, ba zan ɓoye muku ba, na shiga bayan tarin katako na yi dariya har da hawaye. Mushe na ta kai da kawowa da waya a kunne yana "pardon, Alhaji, pardon". Na ce yau ga ranata.

Dariyar ba ta kai la'asar ba. Mushe ya hau babur ya nufi tasha, ya kai ƙara wurin shugaban sandika, wato ƙungiyar direbobi. Ya ce shi ya rubuta komai dalla-dalla, ga kwafi, wanda ya yi lodi ne ya yi sakaci. Shugaban ya duba, ya ga gaskiya an rubuta. Nan take anka ce taubashina ya sauka daga kan layin arewa, za a ba wani. Sai ranar da kayan sunka dawo za a zauna a tabbatar.

Kwana biyu ban je gidansa ba. Matata ta ce, "Kai da ke cewa bayanka na ciwo, ga shi ka kasa zama wuri guda." Na ce ta bar ni.

Ranar zaman na ɗauki gwangwanin fenti da buroshi, na hau kabu-kabu. Na tarar an tara kwalayen da sunka dawo ƙarƙashin rumfa. Ga shugaban sandika bisa kujera, ga Mushe da takardunsa, ga abokina kafinta ya sunkuyar da kai. Direbobi da ƴan dako sun yi da'ira. Taubashina na zaune a bakin benci, tabaran na hannunsa, ba a fuskarsa ba. Tunda nake ban taɓa ganin idonsa tsirara a tasha ba. Ana ta tambayarsa yadda anka yi, shi kuwa abu guda yake maimaitawa: "Kuskure ne." Ya gwammace a raba shi da aikin da ya faɗi dalili.

Ban yi sallama mai tsawo ba. Na ɗaga kwali guda na ɗora bisa rufin wata mota da ke kusa, na ɗora wani a kansa, yadda ake lodi. Na juyo na ce, "Jama'a, ga kwali can. Duk mai ido ya faɗa mini ina za shi."

Kowa ya ɗaga kai yana leƙe, gefen kwalin kuwa ba komai.

Na ce, "Mushe, kai ka rubuta. Karanta muna daga nan."

Ya ce, "Baba, ai ka rufe etiketin."

"Ni na rufe ko lodi ya rufe? Ka taɓa ganin motar Takanamat ta ɗauki kwali guda ta tahi da shi kamar amarya?"

Anka fashe da dariya. Na sauko da kwalin, na duba takardar kumandi da na riga na haddace, na tsoma buroshi na ja ƙaho biyu da ɗigo uku. Ban ɗaga hannu ba direbobi sunka amsa baki ɗaya, "Takanamat! Dara!" Na ja zangarniya da ɗan akwati a wani. Wata mai fura da ke can gefe, ko kusa ba ta matso ba, ta ce, "Wanga na Kalfu ne, lido."

Fuskar Mushe ta canza. Ya ce, "Baba, na hana ka wannan. In ka sake taɓa kwali guda da fentin nan, ka bar aiki."

Na dubi abokina, uban nasa. Bai ɗago ba. To, sai na tsoma buroshi. Na bi kwalayen nan ɗaya bayan ɗaya, gefe huɗu-huɗu, ban yi sauri ba, har ina ja da baya in duba ko ƙahon ya yi daidai. Fenti ya ɗiga a takalmin Mushe, wannan kam ba da gangan ba ne, ko da yake ban yi baƙin ciki ba.

Da na gama na juya wurin shugaban sandika. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutumin nan shekara ashirin yana lodi da wagga alama, bai taɓa ɓatar da ko tsinke ba. Ranar nan an aiko masa kaya ba alama, ba wanda ya gaya masa an sake tsari. Ni na liƙa takardun, na san abin da zai faru, na yi shiru, na ƙi rako kayan da ƙaryar ciwon baya. In akwai wanda za a sauke, ga ni. Ai ma an riga an sauke ni."

Ban ce bai iya karatu ba. Ba wanda ya tambaya kuma, don rabin waɗanda ke wurin in an bi ta nan su ma sai an sauke su. Shugaban ya yi ɗan tari, ya ce tunda mai laifi ya kawo kansa, Malam ya koma kan layinsa gobe da safe. Ya ƙara da cewa ni kuma Allah ya shirye ni, da tsufana.

Haka na bar aiki, da gwangwanin fenti a hannu, ina tafe ina ɗaga kai kamar wanda anka naɗa sarauta. A gida matata ta dube ni ta dubi gwangwanin ta ce, "Shi za mu dafa?" Na kusan wata biyu ina zaune. Mutane sun yi ta zuwa, wai in je in ba Mushe haƙuri, ai ɗa ne. Na ce ƙafata ba ta san hanyar ba. Na yi laifi, na faɗe shi a gaban tasha guda, amma ba shi na yi wa ba.

Direbobi ne sunka gama maganar. Duk kwalin da ya zo fari fat sai su ture shi gefe su ce ba su ɗaukar kwali bebe, kada a sake haɗa su da liman. Mushe ya gwada buga manyan haruffa, ya gwada takarda mai launi, kowa ya ce bai san wannan ba. Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga abokina a ƙofar gidana. Munka gaisa, munka yi zancen gero da tsadar katako, can ya ce, "Gwangwanin nan bai bushe ba ko?" Na ce ko ya bushe akwai kananzir. Sharaɗi guda na sa: gefe huɗu nawa ne, murfi na Mushe, ya liƙa abin da ya ga dama. Haka munka yi har ƙarfina ya ƙare na bari da kaina. Mushe bai taɓa cewa na yi gaskiya ba, ni ma ban taɓa ce masa etiketinsa na da amfani ba, ko da yake na ga masu biro na duba shi suna samun abin da suke nema.

Har gobe in an sake, zan sake tsoma buroshin nan a gabansa. Mutum ya zo ya tarar da abu na tafiya shekara da shekaru, bai tambayi dalili ba ya sa tsumma ya goge, don kawai ba a lakwal anka koyar da shi ba. Mu da ba mu yi karatu ba, ba makafi ba ne. Akwai masu ɗaukar kayan ƙasar nan a kai da kafaɗa, in za ka yi rubutu a jikin kaya to su za ka fara rubuta wa, ba mai zama ofis ba. Wannan ban janye ba, kuma duk wanda ya ji haushi ya zo gida ya same ni, ina nan bayan la'asar.

Abin da ban iya ɗaga kai a kansa ba guda ne. Taubashina ya koma aikinsa, ya mai da tabaransa, amma ya daina ce mini bawansa. In na kawo kaya sai ya ce, "Sannu da zuwa," kamar wani baƙo. Na tsokane shi ta kowace hanya, na ce hularsa ta yi kama da ta mai gadin makabarta, ya yi murmushi kawai. Wata rana motoci sun tashi, tasha ta yi sauƙi, munka zauna bisa benci ana zuba muna shayi. Na ga dama ta samu, na shiga ba da labarin ranar rumfa, yadda na tsaya masa, yadda na bar aikina saboda shi, yadda na kunyata Mushe a gaban kowa. Ya bar ni har na gama. Ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofin a hankali, bai ko dube ni ba.

Ya ce, "Shi Mushe bai san ban iya karatu ba. Kai ka sani."